Zuriyar Rufi

Ƙarfe tara na dare a Sheffield.
Mai shara ta kashe fitilun bene na uku,
ta bar mini tawa.
Ruwa na bin gilashi tun la'asar,
irin ruwan nan da bai zuba ba, bai kuma ɗauke ba.

Rufin kasuwa aka ba ni:
taku sittin, ba ginshiƙi a tsaka,
ya ɗauki dusar ƙanƙarar Janairu,
ya jure iskar da ke gangarowa daga tuddai,
ƙarfensa kuma kada ya fi aljihun hukumar gari.

Ban zana ba. Shuka na yi.
Rufi ɗari biyu na yafa cikin kwamfuta
kamar mai yafa iri a fadama,
wasu karkatattu, wasu gurgu,
wasu ko kaza ba ta yarda ta kwana ƙarƙashinsu.
Na aza wa kowa kaya.
Wanda ya durƙusa aka goge sunansa.
Waɗanda suka tsaya aka haɗa su bibbiyu,
wannan ya ba da haƙarƙari, wancan ya ba da ƙugu,
suka haifi wasu ɗari biyu kafin shayina ya huce.
Jefi-jefi injin kan yi kuskure da gangan,
ya tanƙwara sanda inda ba a ce ba,
ko a dace.

Ga abin da ban gaya wa Moira ba,
ita da ke sa hannu a takardunmu:
cikin ɗari biyun farko na cusa na kakana,
Tanimu magini,
mai auna soro da igiya da ido,
mai ɗaura azara kan azara
har ta rusuna ta zama bakan gizo.
Daga wani koɗaɗɗen hoto na kwafo lanƙwasarsa,
na mai da ita lambobi.

A zuriya ta bakwai ya faɗi.
Ina ya taɓa ganin dusar ƙanƙara?
Layinsa ya yi ja, ya ɓace.
Ba zaman makoki, ba sadakar uku,
injin ya wuce ta takwas.
Na sauka na sayi soyayyen dankali a shagon kwana,
na ci a tsaye, da gishiri fiye da kima.

Da gari ya waye an kai dubu da ɗari huɗu.
Abin da ya tsira siriri ne,
kamar ƙashin fiffiken shamuwa,
ba nama ko kaɗan.
Declan mai walda ya juya takardar sau biyu,
ya ɗora yatsa mai tabon wuta kan wata gaɓa:
"Sanda bakwai sun haɗu nan. Ni ta ina zan sa hannu?"

Injin ya san nauyi, ya san iska, ya san farashin tan,
bai san faɗin tafin mutum cikin safar fata ba.
Laifina ne. Abin da na roƙa aka ba ni.
Na auna hannun Declan da rula yana dariya,
na sa shi cikin sharuɗɗa
tsakanin iska da kuɗi.

Aka koma haihuwa, aka koma mutuwa,
kwana biyu fanka na huci ƙarƙashin tebur.

Na dubu uku ya fi wancan nauyi da tan biyu,
amma hannu na shiga ko'ina.
Ina binsa kusurwa-kusurwa
sai can gabas, inda masu kifi za su kasa kaya,
na ga wata lanƙwasa.
Na ɗora hoton a kai. Ba ta zauna daidai ba,
ta dai yi kusa,
yadda kunnen kaka kan ɓullo a jikan jika.

Ko ya bar baya kafin ya faɗi,
ko injin ne ya yi ta lalube cikin duhu
har ya taka inda tsoho ya taka,
ban bincika ba. Da na so, da na gano.

Moira ta gyara tabarau:
"Ladidi, me ya sa gefen nan ya rusuna haka?"
Na ce, "Lissafi ne."
Ta sa hannu.